Raƙuman da na hallaka a ajin Zainabu

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da ɗiyata Zainabu ta kai ni ajinta ba, kuma ko na so in manta, matan unguwarmu ta Dagmanet ba za su bar ni ba.

Ni mutumin ajami ne. Da shi na yi karatu, da shi nake rubuta waƙoƙin wa'azi da tarihin gidajen mutane idan sun roƙe ni. Kuma alhamdu lillahi, Allah ya ba ni bakin labari. Idan na zauna ƙofar gida bayan la'asar na ce "wata rana", har mai tallan dabino yakan sauke faifansa. Ba yabon kai nake ba (ko da yake shi ɗin ne), ina so ne ku san daga inda na faɗo.

Zainabu kuwa boko ta yi. An ba ta ajin ƙananan yara, wanda suke kira jardan, amma na gwaji. Ita ce ta kawo dabarar koya musu ƙidaya bibbiyu, wato biyu, huɗu, shida, da littafin hotuna. Madam, shugabar makarantar, ba ta yarda da abin ba, ta ce yara hoto kawai za su kalla. Sai aka tsayar cewa ranar da mai duba makarantu zai zo, Zainabu ta yi darasin a gabansa. In ya yi kyau aji nata ne, in bai yi ba ta koma mataimakiya, mai share majina da ɗaure takalma.

Ta ce in zo in ba da labari a kan hotunan, ita kuma ta ja ƙidayar. Ana gobe za a yi, ta zo da littafin ta durƙusa kusa da buzuna.

"Baba, bari mu duba shi tare."

"Akwai rubutu a ciki?"

"Babu, hotuna ne. Ayarin raƙuma."

"To me zan duba? Ni da na karanta takardun da gara ta ci rabinsu, tawada ta koɗe? Raƙumi ne ban sani ba, ko ayari?"

"Baba, akwai yadda ake..."

"Je ki huta, Zainabu. Gobe ki tsaya kawai ki sha kallo."

Ta kuwa sha.

Na sa farar rigata, na naɗa rawani kamar mai zuwa ɗaurin aure. Yara na zaune kan tabarmi, Madam da baƙon, wato mai duba makarantun, suna baya kan kujeru. Zainabu ta miƙo mini littafin da hannu biyu. An lulluɓe bangonsa da takarda ruwan ƙasa kamar yadda suke yi wa littattafan lakwal, wato makarantar boko, gaba da baya duk iri ɗaya. Na yi bisimilla, na buɗe shi ta inda hannuna ya saba buɗe littafi tun ina yaro, wato ta dama.

Masha Allah, ayari ne cikakke, raƙuma ashirin ɗauke da kaya, madugu a gaba. Na ɗaga wa yara, na gyara murya, na ce wannan ayari ne ya tashi daga Agadez zai tafi Bilma ɗauko gishiri.

Zainabu ta yi tari. "Baba, ko in riƙe maka littafin?"

"Bar shi, hannuna bai gaji ba."

(Ku tuna ɗiya ce mai tarbiyya. Ba za ta gyara wa ubanta zance a gaban baƙi ba, kuma ni na koya mata haka, da kaina.)

Na juya shafi, na ƙirga, sai na ga sha takwas. Biyu sun tafi. Na ce a raina, lalle wanda ya zana littafin nan mai tsoron Allah ne, so yake yara su san tun da wuri duniya ba wurin zama ba ce. To, wannan ai fagena ne. Na sassauta murya na ce rijiyar farko an tarar da ita busasshiya, raƙuma biyu suka durƙusa, ba su sake tashi ba.

Shafi na gaba, guguwar rairayi ta binne biyu. Na gaba, ɓarayi suka kore biyu. Biyu maciji ya sara, biyu suka faɗa rami. Da na ga masifu suna neman ƙare mini, sai na koma kan ƙishirwa, na ƙara mata gishiri. Ajin ya yi tsit. Ban taɓa samun masu sauraro irin waɗannan ba. Na hango Zainabu tana juya hannunta a iska, na ɗauka cewa take in ci gaba, na gyaɗa mata kai cikin jin daɗi. Baƙon ya rufe bakinsa da hannu, na ce lalle labarin ya shige shi.

Muna kan raƙuma shida, wata yarinya mai kitso biyu, Aishatu, ta ɗaga hannu.

"Kaka, babana ma yana can cikin rairayi. Ya tafi Tchibarakaten haƙar zinariya."

Da mai hankali ne, da nan ya tsaya. Ni kuwa na dube ta da tausayi na ce, "Allah ya tsare shi, jikata. Amma sahara ba ta da tabbas."

Ta buɗe baki, kuka ya fito. Na kusa da ita ya karɓa, shi ma kawunsa direba ne a hanyar can. Kafin in kashe biyu na gaba, rabin ajin yana kuka, sauran rabin yana shirin farawa. Na yi sauri na kai ƙarshe, inda taguwa ɗaya ta rage da ɗanta, na yi wa mamatan addu'a, yara suka ce amin cikin shessheƙa. Na juya takarda ta ƙarshe don in rufe, sai ga manyan baƙaƙen boko a tsakiyar shafi, da ɗan hoton rana tana fitowa.

Ban iya boko sosai ba, amma na san yadda sunan littafi yake kama.

Madam ta ce a hankali, "Malam, nan ne farkonsa."

Wallahi na ji rawanina ya yi nauyi kamar kantun gishiri. Ashe ayari ne da ke ƙaruwa. A kowane shafi raƙuma biyu ke shigowa, har su cika ashirin su isa gida lafiya. Ni na bi shi ta baya na yi musu kisan gilla.

Zainabu ta matso, ta rusuna, ta karɓi littafin ba ta dube ni ba. Ta juya ga yaran.

"Kaka ya faɗa mana yadda suka ɓace. Wa zai raka ni mu nemo su? Ga biyu. Mu juya?"

Aishatu ta share hanci. "Ai Kaka ya ce sun mutu."

Zainabu ta waiwayo. "Baba, sun mutu?"

Duk idanun ajin suka dawo kaina, har da na baƙon. Na ce, "Suma suka yi."

"Waɗanda ɓarayi suka kore fa?" in ji wani yaro.

"Ɓarayin sun tuba."

"Na cikin rami fa?"

"Ramin ba shi da zurfi. Ku bi malamarku, ku bar ni."

Ta juya shafi, suka ce huɗu. Ta juya, shida. Kowane biyu da suka dawo sai yara su tashi su yi tsalle, su kira lambar tun kafin ta gama buɗewa. Da aka kai ashirin suka ce a sake, aka sake, har Aishatu ta fi kowa murya. Ni ina zaune a gefe ina jan tasbaha, ba na ɗaga kai.

Baƙon ya ce wa Madam a bar wa Zainabu ajinta. Da zai fita ya tsaya ya gaishe ni da ladabi, ya ce lissafin ragewa sai yara sun ƙara girma ake koya musu, na riga tsarin makaranta da nisa. Madam ta ce ƙofa a buɗe take gare ni kowane lokaci, da sharaɗin Zainabu ce za ta riƙe littafi.

Na ɗauka an gama. Da yamma sai ga mahaifiyar Aishatu ta yi sallama, mayafi a karkace, tana tambaya wane labari na samu daga hanyar Tchibarakaten, wai an ce mata na ce ayari ya hallaka. Sai da na rantse mata cewa raƙuman takarda ne, kuma ko su duk sun farfaɗo.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne. Idan ɗan da ka haifa ya durƙusa ya ce "Baba, bari in nuna maka", ka zauna ka duba, ko gemunka ya kai ƙirji. Kallon da ka ƙi yi a tsakar gidanka, kai za a yi wa shi a gaban jama'a.