Kajin Sunan Gidan Ladi

Ba zan taɓa mantawa da sunan da aka yi a gidan maƙwabciyata Ladi ba, a Kurmin Mashi, cikin shekarun saba'in, ina amarya. Maigidana akawu ne a ma'aikata, kuma duk layinmu ni kaɗai ke da firji (har leshi nake yafa wa firjin, don Allah ku ji hauka).

Jajibirin suna, gwaggon Ladi, wata dattijuwa Gwaggo Asabe, ta kawo mini dafaffun kaji cike da kwano.

"Amarya, ajiye mana a injin sanyin naki."

Da la'asar aka ɗauke wuta, har azahar ɗin washegari ba ta dawo ba, ga zafin bazara. Na buɗe na tarar naman ya yi ɗumi, har da ɗan yauƙi. Na shinshina, na barbaɗa yaji, na kai musu. Girman kai ya hana ni cewa uffan. Da aka miƙo mini cinya, na ce na ƙoshi.

Kwana ɗaya tsakani, rabin layin ya kwanta: amai, gudawa, zazzaɓi. Ladi mai jego har nononta ya ɗauke. Gwaggo kuwa sai asibiti. Na je dubiya da kununa a hannu, na tarar wata nas tana yi wa dangi bayani.

"Ƙwayar cuta ce, ido ba ya ganinta. In nama ya kwana a ɗumi sai ta hayayyafa. In an ci, ta manne a hanji ta ji masa ciwo, jiki ya yi ta zubar da ruwansa. Tsoho ba ya jure wannan."

Gwaggo, idanu sun faɗa, ana yi mata ƙarin ruwa, ta kare ni: "Ba dai kajinmu ba. A firjin amarya suka kwana."

Nas ta juyo. "Akwai wuta?"

Na sunkuyar da kai.

"Ashe shi ya sa kika ƙoshi, 'yar nan," in ji Gwaggo, a hankali, ba faɗa.

Ta tashi bayan makonni, amma ƙarfinta bai dawo ba har ta rasu. Ta ce ta yafe mini, sai dai ko ruwa ba ta sake karɓa daga hannuna ba.

Abin da na koya: kunyar da na guje wa a gaban mace ɗaya, ita na je na sha a gaban ɗakin asibiti guda, ga kunu yana hucewa a hannuna.