Ranar da Gafiya Ta Mayar da Ƙwarya

A wani daji da ke bayan manyan duwatsu, kowace dabba na da babbar makarantarta, amma an yi zamanin da ba a tambayar me makaranta ke koyarwa, sai dai wa ta ci a ƙwallo. Ƙwallon kuwa busasshiyar goriba ce. Ni mai ba ku labarin nan ban taɓa zama a aji ba, ɗan rubutun nan ma da kaina na tsince shi. Amma na ga yunwa na ga bayanta, annoba ta kwashe tsarana ta bar ni tsaye. In ana maganar daji, mai digiri sai ya gyara zama ya saurare ni.

Da can, in makaranta na son wasa, sai ta aika wa maƙwabciyarta goro. In an karɓa, an sa rana ke nan. Ana nan sai ga wasu aku sun zo suka ce za su riƙa kai labarin wasa dazuzzuka masu nisa, su saka wa makarantu da kanwar lasa. Sai dai ba sa ciniki da makaranta ɗaya, sai da taro. Shi ke nan makarantu suka shiga haɗa ƙawance, kowanne suka kira shi gayya.

Daga nan hankali bai sake kwanciya ba. Gayyar Bakwai ta cika ta batse, ba ta sauya suna ba. Gayyar Gabas rabin 'ya'yanta a yamma suke. Kunkuru suka shiga wata gayya ta ƙetaren kogi, 'yan wasansu suka tashi da farkon damina, suka isa fili ana shirin girbi. Da safe ka gaisa da abokin gayyarka, da yamma ka ji ya koma inda kanwa ta fi kauri.

Makarantar beguwa kaɗai ta ƙi. Tun kakanni ba su taɓa shiga ƙarƙashin kowa ba. Kirarin magoya bayansu ma shi ne, "Beguwa, ba a jingina da ke, ba kya jingina da kowa!" Mai jan wannan kirari wani tsoho ne, Baba Tanimu, Sarkin Ihu, wanda ya binne 'ya'yansa biyu bai fasa zuwa fili ba.

Shugabar makarantar, Malama Tasalla, ita ce ke ramewa. A bana duk goron da ta aika ya dawo mata da ganyensa. Zomo ya ce gayya ta cika masa ranaku. Gada ta ce sai ta tambayi manya. Saura guda: wasan kaka da makarantar gafiya, wanda ake yi a kan wata tsohuwar ƙwarya mai ɗinki da wanda ya ci ke tafiya da ita. In wannan ma ya faɗi, ɗalibanta ba su da wanda za su buga da shi, kuma masu ƙafa a cikinsu sun fara tambayar hanyar wasu makarantun.

To, beguwa da gafiya abokan wasa ne, irin na tsokana tun kaka da kakanni. Duk abin da ɗaya ya faɗa wa ɗaya ba a fushi, kuma ba a yarda. Wanda ya yarda da maganar abokin wasa, shekara zai yi ana masa dariya.

Ranar taron makaranta a gindin tsamiya, sai ga Malam Barau, shugaban makarantar gafiya, rataye da jaka. Malama Tasalla na ganinsa ta san da magana, don banza ba ta kai zomo kasuwa.

"Kai jama'a, ku ɓoye gyaɗarku, ga ɓarawo!" in ji Baba Tanimu.

"Sannu bawana," in ji Barau, amma muryar ba armashi. Ya gaishe da Malama, ya fuskanci taro.

"'Yan'uwa, ba wasa ya kawo ni ba."

Taro ya fashe da dariya. A tsakaninsu, duk wata babbar tsokana da haka take farawa.

Barau ya jira suka lafa. "Mun shiga Gayyar Gabas. Ba don muna so ba. Makarantar kurege ta tsaya jan ƙafa, ku je ku ga filinta yau, rogo aka shuka. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Dokar gayya ta ce ba mu ba wasa da wanda ba ya ciki. Na roƙa muku gurbi, sun ba da, amma jibi za su rufe ƙofa. Sharaɗi ɗaya ne. Yanzu da ƙwallon fata ake bugawa, shi aku suka fi so don ya fi tashi sama. Sai 'yan wasanku sun ɗan datse tsinin ƙayarsu, kada ta fasa shi. Kaɗan, ba aski ba. In kun ƙi, bana ba wasan kaka. Wallahi ba wasan kaka."

Wani ya faɗi ƙasa don dariya. Baba Tanimu ya share hawaye.

"Barau, ka iya! Bara ma da wallahi ka ce mana kogi ya cinye filinku, muka kwashi fartanya muka je taimako, muka tarar kun jera kujeru kuna jiranmu ku yi mana dariya. Bana kuma ƙayarmu kake so? Ka kawo almakashin a jaka ne?"

Malama Tasalla ba ta yi dariya ba. Ta ga ba alamar tsokana a fuskar Barau. Ta san abin da zai biyo bayan maganarta, amma ta miƙe.

"Baba, iyayena, ku gafarce ni. Ni na yarda da shi. Goron da na aika duk ya dawo, kun gani da idonku. Idan kiɗa ya sauya, rawa ma sauyawa take. Ban ce ƙaya ba ta da daraja ba. Amma ƙaya tana sake tsirowa. Ina tsoron abokin wasa ne ba ya sake tsirowa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma ƙafa ɗaya ba ta wasan ƙwallo."

"Ya kama ta! Ya kama Malama!" Yara suka hau tsalle.

Baba Tanimu ya ɗaga sanda aka yi shiru. Yanzu ba dariya a fuskarsa.

"'Yar nan, ko da gaske ne, saurara. Mahaifina a filin nan ya karye. Ni a filin nan muryata ta dishe. Ba kanwa muke zuwa lasa ba. Muna zuwa ne mu ga namu suna buga abinsu da ƙayarsu, ranar da muka ga dama, da wanda muka ga dama. Yau su ce datse kaɗan, gobe su ce ku buga da tsakar rana don aku ba sa son yamma, jibi su sami wanda ya fi mu su watsar da mu, ga mu ba ƙaya ba gayya. Ko ƙarya na yi, Barau?"

"Ba ka yi ƙarya ba," in ji Barau.

"To kun ji. Beguwa!"

"Ba a jingina da ke!" Tsamiya ta amsa.

Sai Barau ya buɗe jaka. Ya fito da goron gayyatar da aka aika masa ya ajiye a kan saiwa. Ya sake sa hannu ya fito da ƙwaryar nan mai ɗinki, wadda gafiya suka ci bara, ya ajiye kusa da goron. Ya juya ya tafi bai ce ko "bayina" ba.

Ni na daɗe a duniya, na ga abin da ya fi shekarun wasunku, amma ban taɓa jin gafiya ta mayar da abin da ya shiga bakinta ba. Su ma ba su taɓa ji ba. Kowa ya kalli Sarkin Ihu.

"Tsoro ne," in ji shi a hankali. Ya ƙara da ƙarfi, "Tsoro ne! Ya san bana za mu ƙwace, ya kawo da kansa. Ku share fili, zai zo!"

Jibi ta zo ta wuce. Malama Tasalla ta je bakin hanyar gabas ta tsaya, ta dawo. Ba ta da ikon sa hannu a kan ƙayar da ba tata kaɗai ba.

Ranar wasan kaka aka share fili fes, aka kafa ƙwarya a kan turmi, makaɗa suka ɗaura ganguna. 'Yan wasa suka motsa jiki har suka gaji, suka huta, suka sake motsawa. Hantsi ya yi. Baba Tanimu ya ce halin Barau ne, yana nan laɓe a bayan suri. Aka aika a duba suri. Azahar ta yi. Duk ganyen da ya motsa a hanya sai wuya ya miƙe.

Wajen la'asar iska ta juyo daga gabas, ta kawo wani ihu mai nisa, ihun taro mai yawa. A cikinsa, siririya, ana jin waƙar gafiya.

Baba Tanimu ya matso kusa da Malama, ya yi ƙasa da murya.

"Tasalla. Ashe da gaske yake?"

"Da gaske yake, Baba."

"To don me bai ce ba wasa ba ne?"

"Ya ce."

Tsohon ya daɗe yana kallon ƙwaryar. Jama'a na kallonsa, yara riƙe da ganye suna jiran a ce su kaɗa. Sai ya ɗaga sanda.

"Ba su zo ba! Wanda bai zo ba an ci shi! Beguwa!"

Aka amsa masa. Ba laifi, an amsa.

Har yau ƙwaryar na hannun beguwa, ƙayarsu kuma ba wanda ya taɓa. Tun daga shekarar nan ba a sake cin su ba ko sau ɗaya. Ciyawar filinsu ma, in ka je ka gani, duk dajin ba mai kyanta.