Faransancin Bungudu

Sati biyu da zuwana Gusau daga Kano aka tura ni wata makaranta a Bungudu, in gwada yadda ɗalibai ke magana da Faransanci. Na shiga da taƙama, ni mai digiri, sai shugabar makarantar ta raɗa mini, "Malam, yarinyar farkon nan a Maraɗi ta tashi fa."

Gabana ya faɗi, don Faransancina na littafi ne, bai taɓa karo da na Nijar ba.

Na jefa wa yarinyar tambaya da Faransanci. Ta sunkuyar da kai, ta ce da sauri, "Mikacce?"

Na lalube ƙwaƙwalwata kaf, babu wannan kalmar. In na ce ta maimaita, asirina ya tonu gaban malamai huɗu. Sai na gyaɗa kai irin na masana, na ce, "Très bien!" wato madalla da Faransanci. Na zuba mata maki.

Shugabar ta toshe baki da mayafi. "Malam, ai Hausar Zamfara ce. Cewa ta yi, me ka ce?"

Har yau, ko a taron malamai a Tsafe na buɗe baki, sai wani ya ɗaga hannu: "Malam, mi kac ce?" Sauran su amsa baki ɗaya, "Très bien!"