Darakta Gani-Har-Hanji da Manyan Baƙinsa

Duk layinmu babu mai ido irin na Darakta. Ba ni na faɗa ba, shi ya faɗa, kuma mutum mai tumbi irin nasa ba ya ƙarya. Kallo ɗaya zai yi maka ya san ko kai mutumin kirki ne ko ɓarawo, har ya gaya maka abin da ka karya kumallo da shi. Shi ya sa muke kiransa Gani-Har-Hanji. Shi kuwa ya ɗauka sarauta muka ba shi, da an kira sai ya ɗaga hannu.

Kamfanin da yake wa darakta ɗaki biyu ne da falo a saman shagon mai gyaran fanka. Baƙi na kamawa ta waya, su yi kwana biyu ko uku su tafi. Ma'aikatan kamfanin uku ne: shi, da shi, sai kuma shi. Kayan ciki kuwa, talabijin da ƙaramin firji da kujeru da labule, duk na matarsa ne, gumin keken ɗinkinta. Ta ba shi aro da sharaɗi ɗaya: duk baƙon da ya zo a ɗauki hoton katinsa na shaida. Ita ce ma ta sa aka kafa kyamara a bakin ƙofa.

"Kati?" in ji Darakta. "Wannan na waɗanda Allah bai ba basira ba ne. Ni idona ne kati."

Kyamarar dai ta shiga ransa. Tun da aka ce masa duk abin da ta gani tana adanawa, bai ƙara wuce ta haka nan ba. Sai ya tsaya, ya gyara hula, ya shafa gemu, ya juya mata ɓangaren fuskarsa da ya fi kyau. Ya ce 'yan baya za su nemi tarihi.

Ran nan sai ga wasu mutum uku da baƙar mota, takalma na sheƙi, turare na tashi. Suka ce masauki suke so, shirin talabijin suke haɗawa a kan mutanen da suka yi fice a kasuwanci. Dogon cikinsu ya tsaya gaban ƙaton hoton Darakta da ke falo, ya girgiza kai ya ce irin wannan fuska bai kamata a bar ta a unguwa ɗaya ba. Shi ke nan. Ɗaya ya sa hannu a aljihu kamar zai ciro kati, Darakta ya riƙe masa hannu.

"Haba, kada ka kunyata ni. Manya ba sa tambayar manya takarda."

Ranar tafiya suka fara saukowa da kwalaye an naɗe da salatif, wai na'urorin aiki ne. Darakta ya ga suna jan babban kwalin a kan bene, ransa ya ɓaci. Ya ce yaran zamani ba su san darajar kaya ba. Ya rungume shi da kansa, yana nishi, ya kai mota. Da but ɗin motar ya ƙi rufuwa, shi ya ba da igiya, shi ya ɗaure, har ya koya musu ƙullin da ba ya kwancewa. Ya rufe da jawabi a kan amana.

Sai da ya hau sama ya ga aikin manya. Inda talabijin take saura ƙusoshi huɗu. Firji ya yi tafiya, labule ya raka shi. An tsattsaga kujeru, an ɓalle ƙofar banɗaki, famfo na zuba har ruwa ya fara ɗiga kan mai gyaran fanka. Hotonsa kaɗai suka bari a bango, shi ma sai da suka yi masa ƙaho biyu da jan alƙalami. A gaban ƙahon nan ya fi daɗewa.

Washegari ya sa matarsa a gaba sai ofishin lauya, bayan 'yan sanda sun ce ya kawo abin da za su kama. Bai bari lauya ya gama gaisuwa ba.

"Ƙaramar kotu ba tawa ba ce. Daga sama za mu fara. Ina so alƙali ya ji sunana ya gyara zama. Wannan ba sata ba ce, cin zarafin harkar masauki ce ta ƙasa baki ɗaya!"

Lauya ya ce to, sunayensu fa? Darakta ya ce ɗaya dogo ne, mai kamala. Lambar waya? A kashe. Hoton kati? Nan Darakta ya shiga duban silin, matarsa ta shiga dubansa.

"Baban yara," ta ce, "ai akwai kyamara."

Aka kunna abin da ta ɗauka. Ga baƙi suna shigowa, amma ba a ganinsu, Darakta ya cika gilashin yana gyara hula. Ga su suna fita, sai gefen kafaɗar ɗaya da takalmin ɗaya, saura duk gemu ne. Ga motar za ta tashi, lambarta na shirin fitowa, sai Darakta ya buɗe hannuwa yana sallama, faffaɗar rigarsa ta rufe komai. Wuri ɗaya hoton ya fito tas: mutum rungume da ƙaton kwali, bakin talabijin na leƙowa ta inda ya yage, ya tsaya ya yi wa kyamara murmushi kafin ya wuce.

Lauya ya cire tabarau ya goge. "Ranka ya daɗe, in da wannan za a shiga kotu, mutum ɗaya ake gani ya fita da kayan."

Darakta ya matso da fuska kusa da allon. "Amma ka ga yadda hasken ya kama ni?"

Matarsa ta jawo kujera gaban tebur, ta ajiye jakarta.

"Lauya, ɗauki biro. Wannan na san sunansa, na san gidansa. Katinsa ma yana cikin jakata."