Ranar da Hanan Ta Auna Ƙuguna

Har gobe ba zan taɓa mantawa da bikin ƙanwar maigidana a Birmingham ba, kuma tun yanzu in faɗa, telar ba ta da laifi.

'Yata Hanan, mai shekara takwas, tsoron lissafi take kamar ta ga maciji. Da an buɗe littafi sai ciwon ciki. Abin ya dame ni ƙwarai, don ni ma haka na taso. Malamarta ta ce in riƙa sa ta ƙirge-ƙirge a gida cikin wasa. Muka fara: matakalar bene, kofin shinkafa, tashoshin bas daga unguwarmu Cheetham Hill zuwa cikin gari. Har yarinya ta fara ɗaga hannu a aji.

Da aka fitar da anko, telar ta ce in turo awona ta waya. Na miƙa wa Hanan tef. Ta zagaya ƙuguna, ta ciji leɓe, ta ce, "Mummy, arba'in da biyu."

(Rabona da awo tun kafin in haifi ƙaninta.)

"Duba da kyau dai," na ce. "Talatin da takwas ne."

Ta sake dubawa, idonta ya ciko. "Na kuma yin kuskure ko?"

Na ce ba komai, kowa na yi, na tura wa telar talatin da takwas. Allah ya yafe mini. A satin nan ciwon cikin Hanan ya dawo. Ina gani, amma girman kai ya ɗinke mini baki.

Ranar biki mata biyu ne suka taru suka ja mini zif. Numfashi rabi-rabi nake yi, ko ruwa na kasa sha, sai addu'a. A tsakiyar hol na durƙusa zan gaida surukata Hajiya, sai ji na yi ɓarrr, tun daga wuya har ƙugu. Hajiya ta yi maza ta yafa mini mayafinta.

Sai ga muryar Hanan, fuskarta fal murna: "Mummy! Ashe daidai na auna! Arba'in da biyu ne!" Ta kuma maimaita da Turanci, saboda waɗanda ba su jin Hausa.

A mota na ba ta haƙuri, maigida yana ta tarin ƙarya. Na dai koyi cewa in kana so yaro ya yarda da kansa, to ka karɓi amsarsa tun a ɗaki, kafin ya sanar da ita a gaban dangin miji.