Motar da Alhaji Ɗahiru Ya Bar Mini Amana

Ba zan taɓa mantawa ba da shekarar da gwamnati ta yi wa ma'aikata ƙarin albashi, ta haɗa musu da ariyas, wato cikon watannin baya, a dunƙule. Waɗanda suka ga lokacin sun san yadda Katsina ta koma. Masinja ya sayi babur, malamin makaranta ya sayi fanka da rediyo mai cin kaset, akawu kuwa sai ka gan shi da 'yar mota yana neman wanda zai koya masa juya ta. Ni ban samu ariyas ba, don ba aikin gwamnati nake ba. Sana'ata kwafar littattafai: in zauna a zaurena a Ƙofar Durbi da alƙalami da tawada, in rubuta wa mutum littafin fiƙihu ko waƙar wa'azi da ajami, in ɗinka masa bango. Amma abin da na samu a shekarar ya fi ariyas, domin mota aka ba ni. (Ajiya, ba kyauta ba. Gara in faɗa tun yanzu, don a lokacin ni kaina nakan manta da bambancin.)

Mai motar maƙwabcina ne, Alhaji Ɗahiru, ɗan kwangila da ke gina wa gwamnati gidaje a GRA. Ƙofar gidansa na kallon tawa. Motar baƙa ce wuluk, ƙirar Jamus, doguwa, kujerunta na jar fata, in ta tashi ba ka jin ƙararta sai dai ka ga kaji suna watsewa. Ya yi mata rumfar kwano a gefen gidansa. Ban taɓa ganin abu mai sheƙi irinta ba. Idan na fito zan tafi masallaci nakan tsaya a jikin ƙofarta in gyara zaman rawanina.

Shi kansa Alhaji ya fi motar kyau. Mutum ne mai sanyin murya, ba ya gaggawa, ba ya son a gan shi. Da hannunsa yake wanke motarsa duk da yawan ma'aikatansa, kuma wannan motar da ake tsoron taɓawa ita ce ke kai masu naƙuda asibiti daga unguwarmu, ita ke ɗauko tsoho daga tasha da buhunsa. Bai taɓa shimfiɗa wa mara lafiya tsumma a kujera don kada ya ɓata ta ba.

Da aikin Hajji ya matso, ya shirya zai kai mahaifiyarsa. Sai ya tsallako zaurena da makulli a hannu.

"Malam, ga amana. Motar nan a hannunka zan bar ta."

Na ce, "Alhaji, ni da ko keke ban iya hawa ba?"

"Ai shi ya sa. In na bar wa Sale, kafin in isa Jidda ta zaga bikin kowace budurwa a garin nan."

Sale ƙanensa ne, kuma yana tsaye a bakin zaure yana ji. Ya dube ni, ya dubi makullin, ya ce, "Allah Ya ba Malam ikon riƙewa." Yadda ya faɗa, ba addu'a ba ce.

Alhaji ya kai ni rumfa ya yi mini bayani dalla-dalla, kamar mai biya wa ɗalibi karatu. Wanki sau ɗaya a mako, ranar Alhamis da safe, kafin ƙarfen ya yi zafi. In fara watsa ruwa daga sama, kada in taɓa goga ta a bushe. Ga kwalbar sabulunta, murfi ɗaya ya ishi bokiti. Ga tsumma mai laushi na jiki, ga wani daban na taya, kada su haɗu. In tsuntsu ya yi kashi a kai, in wanke wurin nan take, kada in jira Alhamis. In na gama in tsane ta, in lulluɓe ta da mayafinta.

"Shi ke nan?" na tambaya.

"Shi ke nan, Malam. Kada ka rage, kada ka ƙara."

Kunnena ya riƙe rabin farko. Rabi na biyu ya wuce ni, don a lokacin ina kallon fuskata a jikin ƙofar.

Alhamis ta farko na yi yadda aka ce, ban kauce ko kaɗan ba. Sai dai ban san wankin mota yana tara jama'a ba. Masu wucewa suka tsaya, mai shayi ya bar teburinsa, wani dattijo ya ce, "Sannu da aiki, Malam mai mota." Wannan sunan ya shiga raina ya zauna. Na ce a zuciyata, abu mai daraja haka a bar shi mako guda ba ruwa? Na ƙara Litinin, kamar mai azumin nafila. Daga nan na ga Asabar ma ba ta yi laifin komai ba. Kafin alhazai su hau Arfa, kullum nake wanke ta, wani lokaci da hantsi ko rana tsaka, don a lokacin ne hanya ta fi mutane. (Na gaya wa kaina tsabta nake yi. Allah Ya san abin da nake yi.)

Mai ɗakina Hajara ce ta fara magana.

"Malam, ɗan ga-ruwa ya ce in tambaye ka ko rini muka fara. Motag ga ta fi 'ya'yanka shan wanka."

Na ce mata ba ta san darajar amana ba.

Kwalbar da aka ce za ta kai ni har dawowar Alhaji ta ƙare tun tafiya ba ta yi nisa ba. Ban damu ba. Na shiga ɗakin Hajara na ɗauko sabulun salo, wanda ke fitar da baƙin tukunya, na ce wanda ya iya da tukunya ai mota ba za ta gagare shi ba. Na ci gaba da dirza.

Sannu a hankali na lura da wani abu. Na tsaya gyara rawani wata safiya, sai na ga fuskata kamar inuwa a cikin ruwan kwata. Sheƙin ya tafi. Baƙin ya dusashe ya koma kamar tsohon allo, ga ɗigo-ɗigon fari inda ruwan rijiya ya bushe a rana. Na ƙara wanki don in gyara, abin ya ƙara lalacewa. Sale ya zo ya zagaya ta hannu a baya, ya ce, "Malam, zazzaɓi ta yi?" Ya tafi yana murmushi.

Ana cikin haka saƙo ya iso cewa jirginsu ya sauka Kano, gobe da azahar suna Katsina. Na zauna a zaure na rasa abin da ke mini daɗi. Mutum ya tsallake ɗan'uwansa na jini ya ba ni amana a gaban idonsa, ga abin da zan mayar masa. Ba fushinsa nake tsoro ba, don ban taɓa ganin fushinsa ba. Abin da nake tsoro shi ne ya dubi motar, ya dube ni, ya yi shiru.

Sai idona ya faɗa kan gafakata a rataye. Gafakar nan ta fata tun ta mahaifina ce, kuma duk lokacin da ta bushe ta yi fari, ɗan man gyaɗa nake shafa mata da auduga, ta dawo baƙa tana ƙyalli kamar sabuwa. Haka nake yi wa bangon kowane littafi kafin in miƙa wa mai shi. Na yi hamdala. Har na ji tausayin Turawan da suka ƙera motar ba su san wannan ba.

Washegari bayan asuba na ɗauki kwalbar man Hajara, sabon tatsa, na bi motar tun daga goshi har wutsiya. Jama'a, ta yi kyau. Dole in faɗi gaskiya, ban taɓa ganin ta yi kyau irin na wannan safiya ba. Na ƙi lulluɓe ta don Alhaji ya hango ta tun daga nesa. Na yi wanka, na sa rigar Sallah, na bi ayari zuwa tasha tarbar alhazai.

Abin da ban lissafa ba shi ne gidan da ake jiran alhazai gidan girki ne. Lokacin kaka ne, sabon gero ya shigo. Matan gidan Alhaji suka fito filin da ke gefen rumfa suna sheƙa, don nan iska ta fi kadawa. Can gefe ana figar kajin walima. Ni kuwa ina tasha ina karɓar gaisuwa.

Da suka iso, Alhaji ya sa aka wuce da Hajiya mahaifiyarsa a tasi, shi ya ce zai taka da ƙafa ya gaisa da mutane. Yana sanye da farar jallabiya ta Makka, fara tas har tana ɗaukar ido. Ya riƙe hannuna muna tafe.

"Malam, ya amanarmu?"

Na ce, "Alhaji, ba zan ce komai ba. Sai ka gani da idonka." Na kuma ɗaga murya don na baya su ji. Har da ƙarawa, "Ba za ka gane ta ba."

A nan kaɗai na yi gaskiya.

Muka shawo kwana. Abin da ke cikin rumfa ba baƙi ba ne. Ƙaiƙayi ya rufe ta ruf, gashin kaji ya manne a kai fari da ja, kamar wata ƙatuwar kaza ta kwanta kan ƙwai. Ƙudaje sun yi taro a rufin. Kiyashi sun ja layi daga ƙasa, sun hau taya, sun nufi ƙofa. A gaba kuma akuyar Hajara, tawa ta gidana, ta ɗora ƙafafu biyu a kan murfin inji tana lasa, idonta a lumshe.

Ayari ya tsaya cik. Masu kabbara suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya. Na nemi ƙasa ta tsage, ba ta tsage ba.

Alhaji ya saki hannuna, ya taka a hankali, ya kori akuyar da gefen hannu. Ya sa yatsa ya shafi jikin ƙofa, ya kai hanci.

"Man gyaɗa ne, Malam?"

"Na gyaɗa ne, Alhaji."

"Mai kyau kuwa."

Daga bayan katanga aka ji muryar Hajara, ba da ƙarfi ba, amma kowa ya ji: "Sabon tatsa ne, Alhaji. Na tuyar walimarku ne."

Sale ya fara dariya, sauran suka ɗauka. Ana cikin dariyar, mutanen baya da ba su san abin da ake ciki ba suka turo don su yi musafaha da Alhaji, suka matse shi da jikin motar. Da ya ɗago, bayan farar jallabiyar nan ya zama taswira: mai, ƙaiƙayi, da gashin kaza guda a tsaye a kafaɗa.

Sale ya ce, "Yaya, da ni ka bar wa, ko ba komai da mai a tanki zan zuba."

A nan ne na ga abin da har yau nake ba 'ya'yana labari. Alhaji bai yi dariya ba, bai kuma ɓata rai ba. Ya ɗaga hannu aka yi shiru.

"Ku dubi ƙasan tayar nan," ya ce. "Inda na ajiye ta, nan take. Na bar mota wurin mutumin da ya so ta fiye da yadda na ce, wannan shi ne laifinsa duka. Mota za ta wanku." Sai ya juyo gare ni. "Amma jallabiya, Malam, ina bin ka. Kuma ba na son ta kasuwar Katsina. Ta Makka nake so, kai za ka je da ƙafarka ka sayo mini. Allah Ya kai ka."

Taron nan gaba ɗaya ya ce amin. Mutanen da suke dariyata yanzun nan, su ne suka ɗaga hannu suna roƙa mini zuwa ɗakin Allah. Har Sale ya shafa.

Washegari da safe muka wanke ta tare da ruwan ɗumi, shi a gefe ni a gefe. Ya buɗe but ɗin motar ya ɗauko wani gwangwani mai abu kamar kakin zuma, ya nuna mini. Ashe shi yake shafa mata sa'i-sa'i, shi ne sheƙin, shi ne kuma rigar da ke kare fentin. Wankina na kullum da sabulun salo shi ya tuɓe mata rigar. Ya shafa, ya goge, fuskata ta dawo a jikin ƙofa. Ban gyara rawani ba.

Shekaru suka yi ta tafiya. Kuɗin man fetur ya ja baya, kwangila ta yi wuya, motocin ariyas suka koma mazaunin kaji a lunguna. Ta Alhaji tana nan a rumfarta, ana wanke ta kowace Alhamis. Bai taɓa tuna mini da man gyaɗa ba, amma duk shekara in alhazai za su tashi sai ya leƙo zaure ya ce, "Malam, jallabiyata fa?" In ce, "Tana nan tafe, in Allah Ya so." Ina kwafa ina tarawa, har Allah Ya kira ni Makka, gemuna ya riga ya yi fari.

Da na dawo, kafin in kwance kayan kowa, na tsallaka da jallabiyar a hannu. Alhaji ya tsufa, yana dogara sanda. Ya karɓa ya shiga ciki, ya fito sanye da ita, fara tas. Ya ja ni har rumfa. Ya tsaya a gaban motar, ya sa yatsa ya shafi jikin ƙofa, ya kai hanci, ya daɗe yana shinshinawa. Sannan ya juya ya jingina bayansa da ita.

"To, Malam. Ka biya."

Tun daga ranar akuya, in aka ba ni ajiya aka ce kada in rage kada in ƙara, nakan sa mai ita ya maimaita mini rabi na biyu. Man gyaɗa kuwa, har yanzu Hajara a akwati take kulle shi.