Sai Ta Taka Ƙasa

Duk Unguwar Dosa, kai, har ka gangara Malali, ba a yi masanin mota kamar Injiniya Zaharaddeen ba. Mai shakka ya je ya tambaye shi, zai tabbatar masa. Gaskiya ne shekara talatin da biyar ɗin da ya yi a aikin gwamnati a sito ya yi su, yana gadin tsintsiya da karyayyun kujeru. To amma siton ma'aikatar ayyuka ne, kuma zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ranar da ya yi ritaya ya fito da sunan Injiniya a aljihu, ba wanda ya ba shi.

Abin alfaharinsa wata jar mota ce mai ƙofa biyu, irin ta tsere, wadda ta girmi babban ɗansa. Shi Gimbiya yake ce mata. 'Yan unguwa, da yake ba su da ilimi, Kwaɗo suke cewa, don kullum a durƙushe take. Tsufa ya kama baiwar Allah a ƙafa: bushin, robobin nan da ke hana ƙarafan ƙafar mota gogar juna, duk sun cinye. In ta faɗa rami sai ka rantse kwanuka aka zubar.

Da aka sa ranar ɗaurin auren ɗansa Sagir a Mando, Injiniya ya miƙe a majalisar ƙofar masallaci ya gyara hula.

"Jama'a, Gimbiya ce za ta ja ayarin ango. Da hannuna zan gyara mata ƙafa. In ta yi ƙara ko sau ɗaya, ku cire mini Injiniya!"

Majalisa ta ce ta shaida. Ai kuwa sun daɗe suna jiran wannan rana.

A tsallaken gidansa akwai Bawa bakanike, wani dattijon Bazamfare da ke yanka bushin daga tsohuwar tayar tirela da wuƙa. Injiniya ko kallonsa ba ya yi. Yankan taya a jikin Gimbiya? Allah ya sawwaƙe! Nasa daga Jamus aka aiko, cikin kwali mai sheƙi, sai da ya zaga da kwalin gida-gida kafin ya buɗe. Ya sa fararen kayan aiki da safar hannu, ya ɗaga mota a jak, ya jingina waya inda wani Bature ke nuna yadda ake yi. Bai kalla har ƙarshe ba. Injiniya guda, me zai tsinta a ƙarshe?

Yana cikin ɗaure notuna yana nishi, Bawa ya tsallako ya yi sallama.

"Ranka shi daɗe, ba a ɗamre bushin mota tana bisa jak. Sauke ta, nauyinta shi zauna tukuna. Sai ta taka ƙasa. In ba haka ba robar murɗewa za ta yi ta yage."

Injiniya ya leƙo daga ƙarƙashin mota, baƙin mai har a gemu.

"Malam Bawa, akwai ilimi, akwai kame-kame. Wanda ya ƙera motar nan a sama ya ɗaure ta. Gimbiya ba ta saba da ƙasa ba, ni ma haka."

Bawa ya ce Allah ya ba da sa'a, ya koma gindin mangwaronsa.

Da aka sauke ta, sai Gimbiya ta tsaya a ɗage kamar kazar da ta taka ruwa. Injiniya ya yi wa jama'a bayani cewa wannan ita ake kira tsayuwar Jamus.

Ranar Asabar ya fito cikin babbar riga ta sha sitati, ya sa wansa Alhaji Mansur, wakilin ango, a gefe, motoci tara na biye. A tudun rage gudu na farko aka ji ƙiii. Injiniya ya ce takalminsa ne. A na biyu aka ji fat! Kafin su kai Kawo kwanukan nan sun dawo, har da ƙarin tukwane, taya ɗaya na duban Mando ɗaya na duban Zariya. Alhaji Mansur ya yi salati, ya ce a tsaya don girman Allah. Ya tattare riga ya faɗa motar baya. Ayari ya wuce ɗaya bayan ɗaya, kowa na leƙowa yana cewa, "Sannu Injiniya!" Wallahi har ya ba ni tausayi. Aka ɗaura auren Sagir ubansa na bakin titi.

Can sai ga Bawa a kan babur, da wuƙa da guntun tayar tirela. Ya tarar da mutumin a zaune cikin mota, gilashi a rufe, hula ta sauko har hanci. Ya ƙwanƙwasa a hankali.

"Ranka shi daɗe, ba ni iya ɗaga ta kana ciki. Sauko ka taka ƙasa."

Ya sauko.

Majalisa mutanen kirki ne, ba su bar shi ya karya alkawari ba. Yanzu in ka zo unguwar, Zaharaddeen Mai Sito za ka tambaya. Gimbiya kuwa tana yawonta tsit a kan tayar tirela, kuma har gobe kwalin Jamus na nan a kujerar gaba, inda kowa zai gani.